Tour de Donut

Tour de Donut tseren keke ne na nishaɗi da ake gudanarwa duk shekara a garin Staunton da ke jihar Illinois ta ƙasar Amurka tun daga shekarar 1989. Abin da ya bambanta shi da sauran tseren keke shi ne an haɗa shi da gasar cin abinci. Akwai wurare biyu a kan hanya inda mahaya ke tsayawa su ci donat, kuma duk donat ɗaya da mutum ya cinye ana rage masa minti 5 daga lokacin da ya ɗauka kafin ya kammala tseren. Saboda wannan ƙa'ida, wanda ya riga kowa isa ƙarshen hanya ba lallai ba ne ya zama zakara. Mahayi mai matsakaicin gudu zai iya doke gwani idan cikinsa ya fi na gwanin ɗauka. Daga baya wasu garuruwa na Amurka sun kwaikwayi tseren, wasu da wannan suna, wasu kuma da wani sunan dabam.

Suna

Sunan zolaya ce ga Tour de France, babban tseren keke na ƙasar Faransa wanda aka fara a shekarar 1903. Kalmar “tour” a Faransanci tana nufin zagaye ko kewaye. Donat kuwa wani abin maƙulashe ne da ake yi da fulawa da yis da sukari da madara da ƙwai, a soya shi a mai, sannan a shafe bayansa da narkakken sukari. Yawanci ana yin sa kamar zobe, da rami a tsakiya. A ɗanɗano da yanayin suya ya yi kusa da fanke, sai dai ya fi fanke girma da zaƙi. A Amurka donat abin karin kumallo ne da ake haɗawa da kofi, kuma ana ɗaukarsa a matsayin abincin da ɗan wasa mai kula da jikinsa ya kamata ya guje wa. A nan raha ta sunan take.

Tarihi

Wata ƙungiyar mahaya keke ta kudu maso yammacin Illinois mai suna Mid-America Bicycle Club ce ta ƙirƙiro tseren a shekarar 1989, kuma mutane ƙalilan ne suka shiga a karon farko. A lokacin hankalin Amurkawa ya fara karkata ga tseren keke, domin a 1986 Greg LeMond ya zama Ba'amurke na farko da ya lashe Tour de France. A watan Yulin 1989 ya sake lashe gasar bayan ya doke Laurent Fignon na Faransa da daƙiƙa 8 kacal, a tseren da ya kai kilomita 3,285. Wannan ita ce tazara mafi ƙanƙanta a tarihin gasar ta maza.

A Tour de France ma akwai tsarin rangwamen lokaci. A yawancin matakan gasar ana rage wa mutum uku na farko daƙiƙa 10 da 6 da 4 bi da bi. Tour de Donut ya yi kama da wannan tsari, amma ya juya shi: maimakon a ba da rangwame saboda ƙarfin ƙafa, sai a bayar saboda ƙarfin ciki. Donat ɗaya daidai yake da daƙiƙa 300, wato ya ninka tazarar da ke tsakanin LeMond da Fignon fiye da sau 37.

A ƙarshen shekarun 1990 shirya tseren ya koma hannun ƙungiyar mahaya keke ta ma'aikatan kamfanin Boeing da ke birnin St. Louis, tare da haɗin gwiwar mutanen Staunton. Yawan mahaya ya yi ta ƙaruwa har ya haura 1,000. Wannan adadi babba ne ga garin da mazaunansa ba su wuce kimanin 5,000 ba. An kuma yi fim na gaskiya a kan tseren mai suna Tour de Donut: Gluttons for Punishment, wanda ya taimaka wajen yaɗa labarinsa zuwa wasu jihohi.

Wuri da hanya

Staunton yana cikin gundumar Macoupin, arewa maso gabas da St. Louis, a kan tsohuwar babbar hanyar nan da ake kira Route 66. Yankin na noma ne, galibi masara da waken soya. Ana yin tseren ranar Asabar a watan Yuli, watan da ake gudanar da Tour de France. Ana tashi daga cikin gari da safe, a bi hanyoyin karkara masu ɗan hawa da gangara, sannan a dawo garin.

Tsawon hanyar mil 30 ne da ɗoriya, wato kimanin kilomita 50 zuwa 55. An sha sauya hanyar da wuraren tsayawa. Shekaru da dama ƙauyukan Prairietown da Worden ne wuraren cin donat. Wuraren biyu sun raba hanyar gida uku, ta yadda duk wanda ya cika cikinsa a tsayawar farko sai ya yi tafiya mai nisa da wannan nauyi kafin ya isa ta biyu, kuma bayan ta biyun akwai sauran tafiya.

Yadda ake shiga da ƙa'idoji

Tseren na kowa da kowa ne, ba sai ƙwararru ba. Mai son shiga yana yin rajista, ya biya kuɗi, a ba shi lamba da zai maƙala a jikinsa ko a kekensa. Sanya hular kwano wajibi ne. Ana ganin kekuna iri-iri, daga na tsere marasa nauyi zuwa na zirga-zirgar gari da kuma masu ɗaukar mahaya biyu. Manyan ƙa'idojin su ne:

Agogo yana fara ƙirga daga tashi, kuma ba ya tsayawa yayin da mahayi yake cin donat.

Ana cin donat ne a wurin tsayawa, a gaban masu sa ido, waɗanda ke rubuta adadin da kowa ya cinye.

Cin donat ba dole ba ne. Mahayi yana iya wucewa ba tare da ya tsaya ba.

Bayan an kammala, ana ninka yawan donat da minti 5, a cire abin da aka samu daga lokacin mahayin. Sakamakon shi ake kira gyararren lokaci.

Ana ba da kyaututtuka iri uku: ga wanda ya fi kowa gudu ba tare da la'akari da donat ba, ga wanda ya fi ƙarancin gyararren lokaci, da kuma wanda ya fi kowa yawan ci. Ana raba maza da mata, ana kuma raba mahaya bisa shekaru.

Lissafin tseren

Ginshiƙin tseren lissafi ne mai sauƙi. Mahayin da ke tafiyar kilomita 30 a awa ɗaya yana cin nisan kilomita 2.5 a cikin minti 5. Ke nan a wurinsa donat ɗaya tamkar an yafe masa kilomita 2.5 ne. Idan hanyar kilomita 50 ce, zai gama ta cikin minti 100, kuma donat 20 za su share wannan lokaci baki ɗaya.

Misali zai fayyace yadda abin yake. A ɗauka mahaya uku ne. Na farko bai tsaya ba, ya kammala cikin minti 90, don haka gyararren lokacinsa minti 90 ne. Na biyu ya ci donat 8, ya kammala cikin minti 120 har da tsayawarsa. An rage masa minti 40, ya tashi da 80, ya doke na farko duk da cewa ya iso rabin awa bayansa. Na uku ya ci donat 31, ya iso bayan minti 150. Rangwamensa minti 155 ne, saboda haka lokacinsa ya faɗi ƙasa da sifili da minti 5. A takarda, ya gama tseren tun kafin a fara. Irin wannan sakamako ya sha faruwa a hannun manyan maciya.

Sai dai ba kowane donat ne riba ba. Kowanne yana da farashi biyu: lokacin da aka ɓata wajen taunawa da haɗiyewa, da kuma raguwar gudu a sauran hanya saboda nauyin ciki. Na farko da na biyu sukan wuce cikin ƙasa da minti ɗaya, ribarsu kusan minti 4 ce kowanne. Yayin da ciki ke cika kuma zaƙi ya fara gundurar baki, kowane ƙari yana ɗaukar lokaci fiye da na bayansa. Da zarar farashin donat ɗaya ya kai minti 5, ci gaba da ci ya zama asara. Gwanintar tseren ita ce mahayi ya gane wannan iyaka tasa, ya tsaya a kanta. A inda rangwamen minti 3 ne, iyakar tana zuwa da wuri, kuma masu gudu sun fi samun galaba.

Dabarun mahaya

Mahaya sun kasu kashi uku. Akwai masu neman gudu zalla, waɗanda ba sa taɓa donat. Akwai masu neman gyararren lokaci, waɗanda ke haɗa gudu da ci. Sai kuma mafi rinjaye, waɗanda suka zo nishaɗi da iyali ko abokai, su ci biyu ko uku su wuce.

Masu neman nasara sun ari dabarun ƙwararrun maciya. Sukan tara donat uku ko huɗu su matse su da tafin hannu har su zama kamar faifai, domin yawancin girman donat na yis iska ce. Wasu suna tsoma shi a ruwa don ya yi laushi, ya kuma rage sukarin da ke bayansa. Akwai kuma shawarar inda ya fi dacewa a yi babban ci. Wanda ya yi shi a tsayawar farko yana da sauran yunwa, amma zai ɗauki nauyin zuwa nesa. Wanda ya bari sai ta biyu tafiyarsa da cikakken ciki gajera ce, amma gajiya da ƙishi sun riga sun rage masa sha'awar abinci. Daga cikin waɗanda suka yi suna a irin waɗannan tsere akwai Yasir Salem, ƙwararren ɗan gasar cin abinci na Amurka wanda kuma yake shiga tseren dogon zango.

Abin da ke faruwa a jiki

Donat ɗaya mai sukari a baya yana ɗauke da kalori kimanin 200 zuwa 250, kusan rabinsu daga mai. Dozin ɗaya ya kai kalori 2,400 ko fiye, wato daidai da abin da babban mutum ke buƙata a yini guda. Mahayi na nishaɗi kuwa yakan ƙona kalori 500 zuwa 700 a awa ɗaya. Saboda haka wanda ya yi awa biyu a kan keke ya ci donat fiye da shida ko bakwai, ya mayar wa jikinsa fiye da abin da ya ƙona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, kimanin giram 50 ga babba. Donat biyar sun isa su kai wannan iyaka.

Cin abinci a kan keke ba baƙon abu ba ne. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta wanda ke isar mutum kimanin minti 90 na aiki mai tsanani, kuma idan ya ƙare ƙafa takan mutu nan take. Shi ya sa a Tour de France ake miƙa wa mahaya jakar abinci a wasu keɓaɓɓun wurare, domin a ranakun hawan tsaunuka sukan ƙona kalori 5,000 zuwa 8,000. Bambancin shi ne ƙwararru suna cin kaɗan-kaɗan, kuma abin da ba shi da mai. Hanji yana iya tsotse kimanin giram 60 na sukari a awa ɗaya, ko kusan 90 idan an haɗa nau'o'in sukari biyu. Abin da ya wuce haka sai ya zauna a ciki.

Matsala ta biyu ita ce jini. Lokacin motsa jiki mai ƙarfi, jiki yana janye jini daga kayan ciki ya tura shi ga tsokoki da fata. Narkar da abinci sai ta yi jinkiri, kuma mai yana ƙara jinkirta fitar abinci daga tumbi. Ga shi kuma mahayin keken tsere a duƙe yake, cinyoyinsa suna matsar ciki. Sakamakon shi ne kumburin ciki da ƙwannafi da murɗa da tashin zuciya, wani lokaci har da amai. Ƙwararrun maciya suna iya jure wa wannan fiye da sauran mutane. Wani bincike da likitocin Jami'ar Pennsylvania suka wallafa a 2007 ya nuna cewa tumbin ƙwararren maci yana buɗewa ya zama kamar babbar jaka ba tare da ya ji ƙoshi ba, saɓanin na mutumin da bai saba ba.

Haɗari

Babban haɗarin kowace gasar cin abinci shi ne shaƙewa. Fulawar da aka matse takan dunƙule ta toshe maƙogwaro, kuma mutumin da yake haki bayan gudu ya fi saurin shaƙar abinci zuwa hanyar numfashi. A farkon watan Afrilun 2017 wani mutum ɗan shekara 42 ya rasu a birnin Denver bayan wani ƙaton donat ya shaƙe shi a wata gasar ci, kuma a 'yan kwanakin nan wata ɗaliba 'yar shekara 20 ta rasu a sanadin gasar cin wainar fulawa a wata jami'a ta jihar Connecticut. Dukansu ba a tseren keke suka faru ba, amma sun nuna irin haɗarin. Taimakon gaggawa ga wanda ya shaƙe shi ne a sunkuyar da shi a buga bayansa da ƙarfi sau biyar tsakanin kafaɗu, idan abin bai fito ba a rungume shi ta baya a danna saman cikinsa sau biyar, a yi ta maimaitawa yayin da ake neman ma'aikatan lafiya.

Masu ciwon sukari ko ciwon zuciya ko gyambon ciki ya kamata su nemi shawarar likita kafin su shiga, ko su yi tseren ba tare da ci ba. Zafi ma yana ƙara haɗarin. A watan Yuli zafin rana a kudancin Illinois yakan kai digiri 30 ko fiye, ga kuma gumi, shi ya sa ake tashi da safe. Mahayin da cikinsa ya cika da fulawa ba ya iya shan ruwan da yake buƙata. A wuraren da suka fi zafi, kamar Wurno da Rabah da Goronyo a gabashin jihar Sakkwato inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, haɗa doguwar tafiya a keke da cika ciki zai fi saurin jawo ƙarancin ruwa a jiki da bugun zafin rana.

Yaɗuwa

A shekarar 2007 aka fara irin wannan tsere a yammacin jihar Ohio. An daɗe ana yin sa a ƙaramin garin Arcanum kafin a mayar da shi birnin Troy a 2017. Na Ohio yana da hanyoyi masu tsawo dabam-dabam, gajeru da dogaye, kuma yana cikin mafi yawan mahaya. An kuma yi irinsa a jihohin Texas da Utah da Michigan. A jihar Pennsylvania akwai Donut Derby, inda rangwamen minti 3 ne a kan kowane donat. Da yawa daga cikin waɗannan tsere suna tara kuɗi ne domin ƙungiyoyin agaji ko ayyukan gari.

Gasanni makamantansa

Mafi kusa da shi a tseren ƙafa shi ne Krispy Kreme Challenge, wanda ɗaliban Jami'ar Jihar North Carolina suka fara a birnin Raleigh a 2004. Ana gudun mil 2.5, a ci donat 12, a sake gudun mil 2.5, kuma sharaɗin shi ne a gama cikin awa ɗaya. A nan adadin donat ƙayyadadde ne, babu rangwame. Kuɗin da ake tarawa na asibitin yara ne.

Akwai kuma tarukan da abinci ke cikin shagalinsu amma ba a lissafa shi a sakamako. A RAGBRAI, hawan keke na mako guda da ke ratsa jihar Iowa tun 1973, garuruwan da ake bi suna sayar wa mahaya abincin gida. A L'Eroica, wanda aka fara a 1997 a garin Gaiole in Chianti na Italiya, ana hawa tsofaffin kekuna a kan hanyoyin tsakuwa, ana kuma ba da abincin gargajiya na yankin a wuraren hutu. A ɗaya ɓangaren akwai gasar ci zalla, kamar ta Nathan's da ake yi a New York duk ranar 4 ga Yuli, inda Joey Chestnut ya cinye burodi mai tsiran nama guda 76 cikin minti 10 a shekarar 2021.

Suka da martani

Masu suka suna kallon duk gasar cin abinci a matsayin almubazzaranci da ƙarfafa zarin ci, musamman a ƙasar da kimanin kashi 40 cikin 100 na manya ke fama da ƙiba mai yawa. Suna kuma ganin bai dace a ba da lada a kan yawan cin sukari da mai a taron motsa jiki ba. Masu goyon baya suna cewa taro ne na rana ɗaya a shekara, yawancin mahalarta ba sa wuce 'yan ƙwaya, kuma raha da ke cikinsa tana jawo mutanen da ba za su taɓa shiga tseren ƙwararru ba su hau keke su yi kilomita 50. Ga ƙananan garuruwa irin su Staunton, ranar tseren tana kawo baƙi da ciniki.

Duba kuma

Tour de France

Tour du Faso

Keke

Fanke

Ciwon sukari